Bindigar Abu Mansur da Likkafanin Baba

Ni ban taɓa tare kowa a hanya ba, ban taɓa fasa shagon wani ba. Da za ku je Kurayyat, a kudancin Jidda, ku tambayi waɗanda suka san ni ina yaro, za su ce muku ai ɗan gidan Malam ne mai shiru-shiru, wanda ake aika sayen burodin tamis ya dawo bai gutsuri ko gefe ba. Amma a takardar kotu ɓarawo aka rubuta, kuma alƙali bai yi mini ƙazafi ba. Domin ku nake wannan rubutu, samari ƙannena, musamman masu ganin kansu nagari irin yadda na ga kaina. Ku yi haƙuri da Hausata, cikin Larabawa na tashi.

A Jidda aka haife ni. Baba ya zo hajji yana saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, bai koma ba. Ya sha ɓuya, ya yi dako, ya yi gadi, har Allah ya haɗa shi da kafili mai mutunci, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo a wurin hukuma, ya samu iƙama, takardar zama, mu ma muka raɓu a ƙarƙashinta. Inna ta rasu tun ina makaranta. Muka rage mu uku a ɗakuna biyu a saman wani tsohon bene: ni da Baba ɗaki guda, ƙanwata Zainabu da keken ɗinkinta a ɗayan.

A ɗakinmu akwai wata adaka ta ƙarfe, shuɗiya, da zanen jan fure a gabanta. Da ita Baba yake jingina in zai yi karatu. Babu komai a cikinta sai likkafaninsa. A Makka ya saye shi tun kafin ya auri Inna, ya jiƙa shi da ruwan Zamzam, ya shanya, ya ninke. Duk shekara in azumi ya gabato sai ya fito da shi ya sha iska, sannan ya kira ni in riƙe masa gefe guda mu ninke tare, don mutum ɗaya ba ya iya ninke shi daidai. Kuma duk shekara maganar ɗaya ce.

"Kai kaɗai ne namiji gare ni. Kai za ka wanke ni, kai za ka naɗe ni a wannan, kai za ka shiga rami ka karɓe ni. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, wani ya ga tsiraicina."

In ce, "Halas, ya isa mana, Baba, ai na ji tun bara."

Ya ce, "Bana ma ka sake ji."

Ban taɓa ɗaukar abin da nauyi ba. Ina zan je? Ban san wata ƙasa ba sai wannan.

Da na gama sakandare na taka unguwar Bagdadiyya ofis-ofis ina neman aiki, takalmina ne kawai ya ji a jikinsa. Daga baya aka samo mini a wani wurin koyon harbi can bayan Khumra, inda masu lasisi ke zuwa su harbi takarda su koma gida. Nadi muke ce masa. Aikina in share ƙwanson harsashi, in sauya takardun da aka huda, in dafa shayi. Watannin farko ban ga abin so a wurin ba. Ƙara ce kawai da warin albarushi mai bin tufafi har gida. Yawancin masu zuwa samari ne da baƙaƙen bindigogin zamani masu jikin roba, rabin lokacinsu a ɗaukar hoto yake ƙarewa.

Sai Abu Mansur. Dattijo ne Balarabe, siriri, hannunsa har rawa yake in ya ɗauki kofin shayi. Ranar Talata yake zuwa bayan la'asar. Bindigarsa a nadi take kwana cikin akwatinta, a ma'ajiyar da mudir, wato shugaban wurin, ke riƙe da makullinta. Ranar da na fara ganinta ina tsugune ina shara kusa da ƙafarsa. Ya warware wani ƙyalle mai laushi ya fito da ita. Ƙaramar bindiga ce ta hannu, tsohuwa, gadon mahaifinsa. Ƙarfe ne zalla, baƙinta ya koɗe a gefe-gefe inda hannu ya daɗe yana shafa, mariƙinta na katako ya yi duhu ya yi santsi. A ƙeyarta akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kan zakara, Larabawan ma zakara suke ce masa. Sai wannan zakara yana ɗage baya bindigar take tashi.

Abin da ya tsayar da tsintsiyata hannun nan ne mai rawa. Yana ɗaga bindigar rawar ta tsaya. Ya yi harbinsa a natse, da na je ciro takardar sai na tarar hudojin sun taru wuri guda, tafin hannuna ya rufe su har da saura. Takardun samarin kuwa kamar an watsa musu tsakuwa.

Ya ga ina juya takardar, sai ya ce, "Ya waladi, mamaki kake? Ba ni ba ne, ita ce. Dubi kunamar, nan inda ake sa yatsa. Ta waɗancan aiki biyu aka ɗora mata, ta ɗana bindiga kuma ta tashe ta, dole ta yi nauyi ta yi nisa, kafin ka kai ƙarshe hannunka ya karkace. Wannan aiki ɗaya ta sani, sakin zakara, shi ya sa ta ƙware. In ta tashi, ƙarfin harbin ne ke tura samanta baya, ya zubar da ƙwanso, ya ɗage zakara, ya ɗauko wani harsashin. Kai taɓawa ce taka, kuma ta farko da ta ƙarshe duk ɗaya."

Rabin bayanin ya wuce ta saman kaina, amma na gyaɗa kai. Daga ranar nan Talata ta zama ranata. In haɗa masa shayi da na'ana'a tun bai iso ba, in tsaya a bayansa da tsintsiya ina ƙaryar shara. Shi kuma mai son magana ne, 'ya'yansa sun gaji da labarin bindigar, ga shi Allah ya kawo masa kunne kyauta. Ya nuna mini yadda nauyin ƙarfe ke shanye fisgar harbi, da yadda mariƙin ya zama siriri saboda harsasan layi ɗaya suke jere a ciki. In samarin suka ga zakara a ɗage suka ja da baya, sai ya yi dariya ya nuna musu ɗan makullin da ke gefenta, wanda babban yatsa ke saukewa. Ya ce musu, "Ita ba munafuka ba ce, in a shirye take kowa yana gani."

Wata Talata da babu kowa sai mu, ya nemi izinin mudir ya ce zai bar ni in gwada. Kafin nan ya yi mini wani abu. Ya zare gidan harsashi daga mariƙin ya ajiye a tebur, ya ce, "Yanzu akwai wani abu a cikinta?" Na ce babu, ai ga gidan nan a gabanmu. Ya ja samanta baya, sai ga harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan teburin.

Ya ce, "Akwai mai kwana a ɗaki. Zare gida ba sauke bindiga ba ne. Ka ja baya ka leƙa da idonka. Ko ni na rantse maka babu, ka leƙa."

Na ce na ji, irin na jin da nake ce wa Baba.

Ya sa mini abin toshe kunne, ya gyara mini tsayuwa, ya ce yalla. Ta fi nauyin da na zata, amma ta zauna a hannuna kamar an auna. Inda duk na nuna, can bakinta yake, kamar ɗan yatsana. Na sauke makullin, na ɗora yatsa a kan kunamar ina shirin ja, ban san na ja ba. Wani ɗan ƙas na ji a yatsana, irin na karya tsinken ashana, sai ƙara. Ba ta fisge ni ba. Ta ɗan tura tafin hannuna ta dawo inda take, tana jira. Da muka jawo takardar, hudar tana tsakiyar baƙin.

Abu Mansur ya ce, "To, kai ne ko ita ce?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Na sha tunanin abin da ya shige ni a ranar. Wataƙila don duk rayuwata sai wani ya sa hannu nake motsi, aiki sai kafili, tafiya sai kafili, sai ga rana guda na nuna abu da hannuna ya faru daidai yadda na so. Wataƙila kuma wauta ce kawai nake nema mata suna mai kyau. Abin da na tabbata shi ne a motar komawa gida yatsana yana ta motsi shi kaɗai a kan gwiwata.

Ƙwanson harbin nan shi ne abin da na fara ɗauka. Shara ce, wa zai tambaya? Na goge shi ya yi ƙyalli, na sa a aljihu tare da carbina. Bayan nan wani harsashi mai rai ya gangara ƙarƙashin benci, dokar nadi a kai wa mudir, na sa a safa na fita da shi. Ba ni da abin da zan yi da shi, dubawa kawai nake. Daga ɗaya kuma sai ido ya buɗe, na rinƙa lura da waɗanda ke faɗuwa daga hannun samarin, tsintsiyata tana tura su lungu kafin su waiwayo.

Sai makulli. Mudir ya yarda da ni, in za su shiga salla a ƙusa yake rataye shi a ofis. Na fara cewa su yi gaba ina alwala zan riske su. In buɗe ma'ajiya, in warware ƙyallen, in riƙe ta na ɗan lokaci, in shinshina man da ke jikinta, in mayar, in ruga in samu raka'ar ƙarshe. Daga baya raka'ar ƙarshen ma ta fara wuce ni. Duk wannan ban ɗauki kaina ɓarawo ba, tunda ina mayarwa.

Ana haka Abu Mansur ya daina zuwa. Ɗansa ya bugo waya ya ce ciwon zuciya ne, an kwantar da shi, sai addu'a. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. A nan shaiɗan ya zo mini da rigar mai taimako. Kowa ya san iskar Jidda, ɗanshi da gishirin teku, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Na ce wa kaina bindigar bawan Allahn nan za ta lalace ba mai kula, gara in kai ta gida ranar Alhamis in shafa mata mai a natse, in dawo da ita Asabar. Na naɗe wani guntun ƙarfe a ƙyallen na sa a akwatin don nauyi, ita kuma na sa ta a ƙasan jakar abincina. A bakin ƙofa mai gadi ya ce in gai da Malam, na ce zai ji.

Asabar ta yi ban mayar ba. Na ce wata Asabar. Na ɓoye ta a tsohon buhun shinkafa a saman kabad. Baba yakan zauna a masallaci daga la'asar har magariba tare da tsofaffin unguwa, wannan ne lokacina. In rufe ƙofa, in fito da ita babu harsashi, in ɗage zakara da babban yatsa, in saita jan furen nan na jikin adaka, in taɓa. Ƙas. In sake ɗagewa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa daidai furen nan bayan Baba yake zama ba. Shi ne kawai abin da ya fi fitowa fili a ɗakin.

Zainabu ta fara lura. Ta ce, "Yaya, kullum ƙofa a rufe, kana murmushi kai kaɗai, ga wani ƙamshi kamar na man keke. Ko budurwa ka yi a gareji?" Na yi dariya na ce ta kama gabanta. Da ta san yadda ta kusa canka daidai, da ba ta yi dariyar ba.

Wata Juma'a da hantsi Baba yana wanka, sha'awa ta kama ni in ji cikakken nauyinta yadda take a hannun mai ita. Na jera harsasan da na tara a gidansu, na tura shi ciki, na ja samanta baya na saki yadda Abu Mansur ke yi. Daidai nan Zainabu ta buga ƙofa, wai gas ya ƙare, mai kawowa yana ƙasa, in zo in hau da tukunyar. Na ɗaga makullin gefe, na zare gidan da sauri, na cusa su duka ƙarƙashin katifa. Na hau da tukunya, muka tafi masallaci, muka dawo muka ci abinci, na yi barci.

Bayan la'asar Baba ya fita. Na ɗaga katifa, ga bindiga, ga gidan harsashi a gefe shi kaɗai. Na ga zakara a ɗage, har na ɗan tsaya ina tambayar kaina yaushe na ɗage shi. Sai na ce na jiya ne. Na sauke makulli, na saita furen, na taɓa.

A nadi da abin toshe kunne nake jin harbi. A ɗan ɗakin nan ji na yi kamar an mare ni a kunnuwa biyu lokaci guda. Na ga bakin Zainabu a buɗe a ƙofa amma ban ji ihunta ba. A bayanta Baba ne, takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe tabaransa ya manta, ya juyo daga matakala. Da ya riga ni da ɗan kaɗan, ko da ya ce bari ya ɗan zauna ya huta a mazauninsa, ban san abin da zan rubuta muku yau ba.

Bai dube ni ba. Ya wuce wurin adakar, ya durƙusa, ya sa yatsa a hudar da ke tsakiyar furen. Harsashin ya ratsa ta ya fita ta baya ya nutse a bango, bangon da keken Zainabu ke jingine a ɗaya gefensa. Ya buɗe, ya ɗauko likkafanin, ya warware shi a tsakar ɗaki. Harsashi ɗaya ne, amma ƙyallen a ninke yake, kowane ninki ya samu rabonsa. Hudoji ne jere-jere daga sama har ƙasa, bakin kowace da baƙi-baƙi, hasken taga yana shigowa ta cikinsu.

Ya ce, "Ta wace ce?" Da ƙyar na ji muryarsa.

Na ce ta wani dattijo ce a wurin aiki.

"Ya san tana nan?"

Na ce a'a. Na ce, "Baba, mai kawai zan shafa mata, tsatsa za ta yi."

Ya ce, "To sata ce ke nan."

Kafin nan matakala ta cika da maƙwabta. Kawu Bashir ne ya fara shigowa, Bahaushen Sudan ne daga Gadarif, aminin Baba, ƙofarsa tana kallon tamu. Ya dubi hannuna, ya dubi adaka, ya rufe ƙofa. Ya rage murya ya ce, "Malam, mai gadin benen nan ya kira askarawa, suna hanya. Ka ce tukunyar gas ce ta yi ƙara. Ku ba ni ƙarfen nan in fita da shi ta baya, teku ba ta magana. In suka gan shi halas, tarhil ne, yaron nan ba zai ƙara taka ƙasar nan ba." Tarhil kowane baƙo a Jidda ya san shi, a sa ka a jirgi a mayar da kai inda takardarka ta ce, ko ba ka taɓa ganin wurin ba.

 Baba yana zaune da likkafanin a cinyarsa. Ni kuma ina tsaye da bindigar, ban miƙa wa Kawu ba, ban san me ya hana ni ba. Wani sashe na zuciyata, Allah ya yafe mini, tunanin ruwan gishiri a jikin ƙarfen nan yake yi.

Da askarawa suka buga ƙofa, Baba ne ya buɗe. Suka ce, "Ya hajj, me ya faru?" Ya ce, "Ɗana yana ciki. Ku tambaye shi." Na ajiye ta a kan katifa na gaya musu komai. Na kwashe shekaru ina juya maganar nan. Wani lokaci in ce Baba ne ya miƙa ni, in ji haushinsa. Wani lokaci in ce zaɓi ya bar mini, ni na zaɓa. Ban taɓa tambayarsa ba.

A wurin bincike tambaya ɗaya suka yi ta maimaitawa ta fuskoki daban-daban. Wa ya aiko ka? Wa za ka sayar wa? Wa kake nufi da ita? In ce babu kowa, sonta kawai nake. Mai binciken ya ajiye alƙalami ya ce kada in raina masa hankali. Ban ga laifinsa ba, ni kaina da wani ne ya gaya mini haka ba zan yarda ba. A kurkuku ma ɓarayi na gaske dariya suka rinƙa yi mini. Wani ya ce, "Ka saci abu ba don ka sayar ba, ba don ka yi aiki da shi ba, sai don ka rinƙa shafawa? Kai asibiti ya kamata a kai ka."

Abu Mansur bai mutu ba. A keken marasa lafiya ɗansa ya turo shi kotu, ya ce ya yafe nasa haƙƙin. Da zai wuce ta gabana ya sa a tsaya. Na zata zagi zai yi, na ma fi son ya yi. Sai ya ce, "Ka leƙa?" Na ce a'a. Ya girgiza kai, ya ce, "Da ka roƙe ni, duk Talata sai ka harba ta." Ɗansa ya tura shi suka fita. Yafiyarsa ba ta goge haƙƙin hukuma ba, makami babu lasisi da harbi a cikin gidan mutane. Aka yanke mini ɗauri, bayansa tarhil.

Baba yana zuwa ziyara in ya samu mai kawo shi. Kowane zuwa sai in ga ya ƙara ƙanƙancewa. Mu yi maganar zafi, da ciwon gwiwarsa, da masu neman auren Zainabu. A zuwansa na ƙarshe na daure na ce, "Baba, ka sa Kawu Bashir ya sayo maka wani likkafanin a Makka, a jiƙa shi kamar wancan."

Ya ce, "Zainabu ta gyara wancan. Ta bi kowace huda ta yi mata faci da farin ƙyalle. Da shi zan tafi."

Na ce, "Me ya sa, Baba? Sabo ba wuya ne da shi ba."

Ya dube ni ta cikin gilashin da ke tsakaninmu. Ya ce, "Tunda ba za ka samu zuwa ba, ga aikin hannunka nan a jikina."

Fuskarsa ba fushi, ba murmushi. Aka ce lokaci ya cika, ya tashi. Ko yafiya ce ya yi mini ko hukunci, ban gane ba a ranar, kuma tunanin shekaru bai ƙara mini komai ba.

Da wa'adina ya cika ban taka titin Jidda ba. Daga kurkuku sai wurin tarhil, daga can sai jirgi. Ta taga na hango teku da fitilun Khumra, ban iya gane unguwarmu ba. Na sauka Kano da leda ɗaya, na nemi ƙauyen Baba da sunan da na haddace. Dangi sun karɓe ni, Allah ya saka musu, suna ce mini Balarabe, yara suna kwaikwayon maganata. Yanzu ina aiki a wurin wani mai walda a Haɗeja. Na tuba, ina salla a sahun farko, in na tsinci ko ƙusa ce a shago sai na nuna wa maigida.

Damina ta biyu da zuwana Zainabu ta turo mini saƙon murya. Baba ya rasu da asuba. Kawu Bashir ne ya wanke shi, shi ya naɗe shi, shi ya shiga rami. Ta ce masu wurin wankan gawa da suka ga facin sun kawo sabon ƙyalle kyauta, Kawu ya ce a'a, wasiyya ce. Ina tsaye a bakin shago da ƙarfe a hannuna na saurara har ƙarshe. Ko bakin ƙofar da ya hana ni tsayawa ban samu ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce bindigar nan ba ta da kyau ba. Tana da kyau, har gobe in na tuna ɗan ƙas ɗin nan yatsana yana motsi, ina jin kunyar hakan kuma ban san yadda zan hana shi ba. Shi ya sa nake jan kunnenku. Ni ba da mugunta na fara ba, da sha'awa na fara, da ƙwanson da aka zubar a shara. Abin da ba naka ba, kada ka ce riƙewa kawai za ka yi ka mayar. In kana so, buɗe baki ka roƙa, a hana ka ya fi. In harbi ke burge ka, je inda doka ta yarda, ka yi a gaban masu shi, ka bar musu abinsu a can ka dawo gida hannu biyu. In kuma wata rana bindiga ta shigo hannunka, ko wa ya rantse maka babu komai a ciki, ka leƙa. Manya kuma in suna maimaita maka magana har ka gaji, kada ka ce ka ji alhali ba ka ji ba.

Bana da azumi ya gabato na shiga kasuwa na yanko nawa likkafanin. Babu Zamzam, da ruwan rijiya na wanke shi na shanya a igiya. Da ya bushe na shigo da shi ɗaki zan ninke, na kama gefe guda, ɗaya gefen ya faɗi ƙasa. Na ɗaga wancan, wannan ya zame. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, ina jiran wanda zai ce mini in riƙe da kyau.